Wane littafi zan karanta in gane Rasha ta zamanin su Gogol da Dostoyevski?

Nafisa_Mai_Karatu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman taimako daga waɗanda suka riga ni shiga adabin Rasha. Wata uku ke nan da na gama Crime and Punishment na Dostoyevski, kuma wallahi har yau littafin bai sake ni ba, musamman wurin nan da Sonya take karanta wa Raskolnikov labarin Li'azaru, mutumin da Linjila ta ce Yesu ya tayar daga matattu, a ɗakinta. Daga nan sai na ɗauki Dead Souls na Gogol, yanzu na kusa rabi, to a nan ne na fara jin akwai abubuwa da yawa da suke wuce ni, marubucin ya ɗauka mai karatu ya riga ya san su ni kuwa ban sani ba.

Misali wannan Chichikov da yake bi gida-gida yana sayen manoman da suka riga suka mutu, na gane dai wata damfara yake ƙullawa amma ta yaya matacce zai kawo masa kuɗi? Kuma me ya sa masu gonakin suke yarda su sayar, wasu har da murna? Sannan akwai maganar muƙamai, kowa ya bayyana sai an faɗi matsayinsa a aikin gwamnati, baban Sonya ma mashayi ne amma da ya tashi gabatar da kansa sai da ya faɗi muƙaminsa tukunna. Ga sunaye kuma, mutum ɗaya suna huɗu.

Abin da nake so shi ne littattafan da za su nuna min yadda ƙasar take a lokacin, wa yake mulki, talaka ya yake rayuwa, me matasan suke ta faɗa a kai. Ba na son irin littafin jarabawa mai jera sunayen sarakuna da shekaru kawai. Turanci nake karantawa, Larabcina ma ba laifi. Na gode.

Malam_Habu:

Wa alaikumus salam Malama Nafisa. Tambayarki ta farko ita ce mabuɗin komai, don haka bari in ɗan daɗe a kanta.

Kafin 1861 miliyoyin manoman Rasha bayin gona ne, a ɗaure suke da filin ubangidansu, ba su da ikon tashi sai da izininsa, yana iya sa su aiki, ya hukunta su, ya tura ɗan wani soja, ya sayar da su, ya ba da su jingina. Arzikin babban mutum ba da faɗin gona ake auna shi ba, da yawan "rayuka" ake aunawa, a ce wane mai rai ɗari biyar ne, kuma maza kaɗai ake ƙirgawa. Tun zamanin Sarki Bitrus Mai Girma aka sa harajin kai a kan kowane rai, kuma ubangida ne gwamnati take bi ya biya. To matsalar ita ce ƙidaya ba kullum ake yi ba, an yi ɗaya a 1815 ba a sake ba sai 1833, duk wanda ya mutu a tsakani yana nan da rai a takarda kuma ana biya masa haraji. Kin ga dalilin murnar masu sayarwa ke nan, an zo an sauke musu kaya. Shi kuma Chichikov zai tara waɗannan sunaye a arha, a takarda ya zama mai ɗaruruwan rayuka, ya kai su jingina hukuma ta ba shi bashi mai kauri. Labarin abin dariya ne a sama, amma ki duba abin da ke ƙasa: ƙasa ce da mutum ya zama kadara har ta kai ga ko ya mutu bai fita daga kasuwa ba.

Muƙamai kuma, shi Bitrus ɗin ne ya kafa jadawali mai hawa 14 a 1722, na soja da na farar hula, hawa na 14 ne ƙasa, na 1 ne ƙololuwa. Baban Sonya da kika ambata yana hawa na 9, haka ma magatakardan nan na gajeren labarin Gogol, The Overcoat. Ba banza ba aka zaɓi 9, domin har zuwa 1845 wanda ya taka hawa na 8 ya shiga ajin masu sarauta shi da 'ya'yansa, saboda haka ƙofar nan ta yi tsauri, mutane da yawa a na 9 suke tsufa suna kwafar takardu. Mai karatu na lokacin yana jin muƙamin ya san irin mutumin da ake nufi da irin rigar da ke jikinsa.

Yanzu littattafai. In ɗaya zan zaɓa miki ki fara da shi, Natasha's Dance na Orlando Figes ne, na 2002, tarihin al'adun Rasha ne kuma yana da daɗin karatu kamar labari, zai nuna miki yadda aka gina birnin Fitasbag (Saint Petersburg) a 1703 a cikin fadama don ta kalli Turai, da yadda 'ya'yan manya suka taso suna Faransanci fiye da yaren ƙasarsu alhali baiwa ce ta shayar da su ta raine su. Don tsarin mulki da yadda daular ta haɗa ƙabilu akwai Russia: People and Empire na Geoffrey Hosking. In kuma bautar kanta kike so ki shiga sosai, Peter Kolchin ya rubuta Unfree Labor a 1987 inda ya jera bautar Rasha da ta Amurka gefe da gefe, yana da ɗan nauyi amma ya cancanci wahalar.

Sai dai shawarata, kar ki ajiye labaran ki ce sai kin gama tarihi. Ki nemi A Sportsman's Sketches na Turgenev, 1852, gajerun labarai ne na maharbi da ke yawo ƙauyuka yana haɗuwa da bayin gona, ba wa'azi a ciki, kawai ya nuna su mutane ne masu hankali da zuciya, wani lokaci fiye da iyayen gidansu, kuma shi ya san abin daga gida domin mahaifiyarsa mai bayi ce da aka sani da tsanani. Bayan haka ki tsallaka ƙarshen zamanin ki karanta wasan Chekhov, The Cherry Orchard, na 1904, inda ɗan bawa ya zama attajiri ya sayi gidan da ubansa da kakansa suka yi bauta. Chekhov kansa jikan bawa ne, kakansa ne ya fanshi kansa da iyalinsa da kuɗi. Tsakanin littattafan nan biyu akwai 1861, shekarar da Sarki Alekzanda na Biyu ya 'yanta bayin gona kimanin miliyan 23 bayan kayen da Rasha ta sha a yaƙin Kirimiya. 'Yancin ya zo da bashi, an ce su biya kuɗin filin da aka ba su cikin shekara 49, filin ma sau da yawa bai kai wanda suke nomawa a da ba, manoma ba su gamsu ba, masu filaye kuma suka fara karyewa. Kusan duk manyan littattafan da za ki karanta ko suna jiran wannan shekara ne ko suna fama da abin da ta haifar.

Sadiq99:

Maganar sunaye ba wuya in kin kama tsarin. Suna uku ne: na yanka, na uba, na dangi. Rodion Romanovich Raskolnikov, wato Rodion ɗan Roman. Ƙanwarsa Avdotya Romanovna, 'yar Roman, na mace yana ƙarewa da -ovna ko -evna. In ana girmama mutum sai a haɗa na yanka da na uba, in na gida ne sai a gajarta, shi ya sa uwarsa take ce masa Rodya, ita kuma Avdotya ta koma Dunya ko Dunechka, Sonya ma asalinta Sofya Semyonovna. Ki riƙa lura da wane suna wani ya kira wani da shi, a nan ake gane kusanci ko raini. Ni takarda nake sakawa a bayan littafi ina rubutawa har na saba.

Kuma sunan Raskolnikov daga kalmar raskol yake, wato tsagewa ko ɓallewa, ita ake kiran rabuwar da aka yi a Cocin Otodoks na Rasha a ƙarni na 17 da ita.

Usman_Tarihi:

Malam Habu Allah ya ƙara sani, bayanin Chichikov ya fita. Amma zan ɗan saɓa maka a kan inda za ta fara. Figes yana da daɗi ba musu, sai dai ya yi faɗi, daga waƙa ya tafi zane ya tafi rawa har zamanin Sobiyet, ita kuwa Malama ta Dostoyevski ta shigo, kuma tambayarta ta ƙarshe, wato me matasan suke faɗa a kai, ita ce ba a amsa ba.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne a ƙasar nan ba majalisa sai 1906, ba jam'iyya, jarida kuma sai mai tace labarai ya duba. A Disambar 1825 wasu hafsoshi 'ya'yan manya sun yi yunƙurin tawaye suna neman tsarin mulki, Sarki Nikolas na Ɗaya ya rataye biyar ya tura fiye da ɗari Saiberiya, daga nan bakin kowa ya mutu. To maganar da ba za a iya yi a fili ba sai ta koma cikin ƙagaggun labarai da sharhin littattafai a manyan mujallun wata-wata, shi ya sa za ki ga ana tsayawa a tsakiyar labari mutane su yi shafi goma suna gardama a kan Allah da talauci da makomar ƙasa. A wurinsu ba ƙawa ba ce, nan ne kaɗai filin da ya rage.

Ki bi wannan sarƙa ki gani. A 1862 Turgenev ya fitar da Fathers and Sons, da saurayin nan Bazarov ɗalibin likitanci da bai yarda da komai ba sai abin da kimiyya ta tabbatar, littafin ne ya yaɗa kalmar nihilis. Matasa da yawa suka ji an ci musu fuska. A 1863 Chernyshevski, yana tsare a kurkukun sansanin Bitrus da Bulus, ya rubuta What Is to Be Done, inda ya nuna sababbin mutane masu bin hankali da lissafin amfani, a ganinsa in aka gyara tsari mutum zai gyaru. A 1864 Dostoyevski ya ba shi amsa da Notes from Underground, yana cewa ɗan Adam zai iya zaɓar abin da zai cuce shi don kawai ya nuna yana da zaɓi. Sai 1866 littafin da kika karanta ya fito, ɗalibi ya yi lissafin cewa ran tsohuwa ɗaya mai cin riba bai kai amfanin da kuɗinta zai yi ba, ya ɗauki gatari. Kin ga ashe gardama ce ɗaya ake yi, littafi yana amsa wa littafi. Littafin Chernyshevski a matsayin labari ba shi da armashi, gaskiya, amma ya juya kan matasa sosai, Lenin ma sunansa ya ara wa nasa littafin na 1902.

Kuma Dostoyevski ba daga nesa yake magana ba. An kama shi a 1849 saboda zama a wani da'irar masu ra'ayin sauyi ta Petrashevski, cikin laifinsa har da karanta wa mutane wasiƙar suka da Belinski, wani mai sharhin littattafai, ya rubuta wa Gogol, aka fito da su fili a Disamba aka karanta musu hukuncin harbi, har an ɗaure mutum uku na farko a jikin turaku sannan aka sanar da sassaucin sarki. Ya yi shekara huɗu a kurkukun Omsk da mari a ƙafa. Duk lokacin da na karanta wurin da Yarima Myshkin yake ba da labarin wanda ya rage masa minti biyar a duniya a The Idiot sai jikina ya yi sanyi, don na san wanda ya rubuta ya tsaya a wurin.

Don haka ni littafin Joseph Frank zan ba ta. Asalinsa mujalladi biyar ne, amma an taƙaita shi zuwa ɗaya mai suna Dostoevsky: A Writer in His Time, shi ma ƙato ne, ba sai kin bi shi daga farko zuwa ƙarshe ba, ki buɗe babin littafin da kika gama ki karanta. Sai Russian Thinkers na Isaiah Berlin, maƙalu ne, shi zai warware miki rigimar masu cewa Rasha ta bi Turai da masu cewa tana da tata hanyar ta addini da zaman ƙauye. Sama da duka kuma, a wurina, tarihin rayuwar Herzen, marubuci mai adawa da mulkin sarki, da ya rubuta da kansa, My Past and Thoughts. Mutumin ya sha zaman gudun hijira, ya kafa jaridar Kolokol a Landan a 1857 ana shigar da ita Rasha a ɓoye, kuma ya san kusan duk mutanen nan ido da ido. Ban karanta wani littafi da ya sa na ji ina zaune a ɗakunan gardamar nan kamar shi ba.

Nafisa_Mai_Karatu:

Kai, Allah ya saka muku da alheri. Malam Habu daren jiya na koma babin Korobochka, tsohuwar nan da take tsoron kar ta sayar da matattunta da arha, sai na ga abin ya canza min gaba ɗaya, da dariya kawai na yi, yanzu kuwa har da wani ɗaci. Yaya Usman ban taɓa sanin Notes from Underground amsa ce ga wani ba. Ƙarin tambaya ɗaya, mata fa? Sonya da takardarta mai ruwan ɗorawa, Dunya da za ta auri wanda ba ta so don ta ceci ɗan'uwanta. Anna Karenina ce ta gaba a jerina kuma ina so in shiga da ɗan haske.

Anti_Binta:

Ƙanwata wannan tambaya ta yi min daɗi don yawanci ana tsallake ta. Takardar Sonya gaskiya ce ba ƙirƙira ba, tun 1843 hukuma take yi wa mata masu zaman kansu rajista, a karɓe takardar shaidar mace a ba ta wannan mai ruwan ɗorawa, daga ranar duk inda ta je neman ɗaki ko aiki takardar ta riga ta faɗi komai. Shi ya sa ba ta iya ci gaba da zama da iyalinta ba.

A kan Anna, abu ɗaya ki riƙe: aure da saki a hannun coci suke, kuma samun saki abu ne mai matuƙar wuya. Zina tana cikin 'yan dalilan da ake karɓa amma sai da shaida mai ƙarfi, wanda aka samu da laifin kuma ba a ba shi damar sake aure. Matar aure ko takardar tafiya ba ta samu sai da yardar miji. Ɗanta Seryozha na mijin ne, kai har 'yar da ta haifa wa masoyinta Vronski a doka sunan mijinta Karenin take ɗauke da shi. In ba ki san wannan ba za ki yi ta jin haushinta kina cewa ta rabu da shi mana kowa ya huta, alhali duk ƙofofin a rufe suke, kuma ki lura yayanta Stiva da littafin ya buɗe da cin amanarsa ba wanda ya rufe masa ƙofa ko ɗaya. Barbara Alpern Engel ta yi aiki sosai a nan, akwai Women in Russia, 1700–2000 mai sauƙin shiga, da Breaking the Ties That Bound wanda ta gina a kan koke-koken da matan aure suka riƙa aika wa ofishin sarki suna neman a bar su su zauna dabam da mazajensu. Muryoyin mata na gaske ne, wasu shafukan sai da na ajiye littafin na huta.

Kuma kar ki tsallake babukan noma na Levin, wani mai gona a cikin littafin, kamar yadda wasu suke yi. Nan ne Tolstoy, marubucin littafin, yake kokawa da tambayar da Malam Habu ya kawo, bayan 'yanci wa zai noma, da wane sharaɗi, mai fili kuma mene ne amfaninsa. Tarihin Tolstoy na Rosamund Bartlett zai taimaka miki a nan.

Abu_Fadima:

Tunda kin ce kina Larabci, Sami al-Durubi, ɗan Siriya, ya fassara Dostoyevski zuwa Larabci kuma fassarar tana da zaƙi ƙwarai, sai dai ki san ta Faransanci ya bi ba kai tsaye daga Rashanci ba. A Turanci, na Constance Garnett tsofaffi ne, kyauta suke a Project Gutenberg, tana da santsi amma takan gyara wa Dostoyevski kaushinsa. Tolstoy kuwa ni na Louise da Aylmer Maude nake so, sun zauna a Rasha shekaru kuma sun san shi kansa. Na Pevear da Volokhonsky wasu na yabo wasu na kuka da taurinsu, amma bayanan da suke sawa a bayan littafi suna amsa irin tambayoyinki da yawa.

Abin da ba a taɓo ba shi ne Rasha daula ce mai cin ƙasashe, kuma adabin ya taso ne daidai lokacin da take yaƙi da Musulmin tsaunukan Kokasas, yaƙin da Imam Shamil ya jagoranta har ya miƙa wuya a 1859. Lermontov ya yi soja a can, A Hero of Our Time na 1840 a can yake faruwa. Tolstoy ma ya je yana saurayi, kuma da ya tsufa ya koma kan abin ya rubuta Hadji Murat, ɗan ƙaramin littafi a kan wani na'ibin Shamil da ya koma wajen Rashawa sannan aka kashe shi a 1852, bai fito ba sai bayan rasuwar Tolstoy. Akwai babi a ciki na ƙauyen da sojoji suka ƙone suka ƙazantar da rijiya da masallaci, da wani babin da ya zana Sarki Nikolas ba sassauci ko kaɗan, duka biyun masu tace littattafai sun yanke su a bugun farko na cikin Rasha. Kwana biyu ya ishe ki gama shi, ni da shi zan fara kafin War and Peace.

Malam_Habu:

Usman na karɓi gyaranka a kan Herzen, ya kamata in ambace shi. Malama Nafisa ki ɗauki babin Frank a kan littafin da kika gama tun yana da ɗumi a ranki, Figes ya biyo baya a hankali.

Abu ɗaya kafin ki kai ƙarshen Dead Souls, don kar ki ɗauka bugun da ke hannunki ne ya lalace. Kashi na farko, na 1842, shi ne cikakke. Gogol ya yi shekara goma yana fama da kashi na biyu, yana so ya nuna Chichikov ya kama hanyar shiriya, abin bai gamsar da shi ba, a Fabrairun 1852 ya jefa rubutun a wuta a Mosko, bayan kamar kwana goma ya rasu. Abin da ake bugawa yanzu a matsayin kashi na biyu ragowar babuka ne da aka tsinta cikin takardunsa, akwai giɓi a tsakaninsu, kuma na ƙarshen a tsakiyar jimla ya tsaya.